Yadda Za Mu Nemi Takardun Iyaye da Kakanninmu da Suka Yi Aikin Soja

An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan abin da iyalai da dama suke tambaya, wato yadda za a gano takardun iyaye da kakanni da suka yi aikin soja, da kuma batun fanshonsu. A gidaje da yawa na ƙasar Bici za ka ji ana cewa "kakanmu ya je Bama," amma in ka tambayi shekarar da ya tafi, ko bataliyarsa, sai a yi shiru. Waɗanda suka gan su da ido kuwa suna ta raguwa.

Da farko dai mu san wane yaƙi ake magana, domin kowanne da inda takardunsa suke. Turawan Ingila sun kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897, ita ce kuma ta ci Kano a 1903. A yaƙin duniya na farko sojojin Nijeriya sun yi yaƙi da Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, daga nan aka kai wasu Afirka ta Gabas. A na biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, sun shiga Magadishu a watan Fabrairun 1941 suka wuce Habasha. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82, aka kai su Indiya, daga can suka shiga dazukan Bama suka gwabza da Japan har 1945. Bayan 'yancin kai akwai aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango daga 1960 zuwa 1964, wanda barikin Bukabu na Kano ya samo sunansa daga gare shi, sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sai Laberiya daga 1990.

Babbar matsalar da za ta fara tare ku ita ce suna, kuma a nan za mu daɗe. A zamanin Turawa magatakardan soja ba ya tambayar zuriya. Sunan mutum yake rubutawa, ya haɗa da sunan gari. Ko daga Saye ka fito, ko Badume, ko Ɗanzabuwa, abin da zai shiga littafi shi ne Bici, ko ma Kano kawai. Shi ya sa in ka buɗe jerin sunayen sojojin wancan lokaci za ka ga Audu Kano da Garba Kano da Musa Katsina jere ba iyaka. Rubutun ma yadda kunnen magatakarda ya ji ne: Audu ya koma Awudu, Garba ya koma Garuba, Bici kuwa Bichi suke rubutawa.

Mu kuma namu ya fi na kowa rikitarwa. Yawancin kakanninmu da suka tafi yaƙin Hitila ba su riga sun karɓi bishara ba, domin sai a shekarun 1930 aka bar 'yan mishan suka fara aiki sosai a ƙasar Kano. Saboda haka mutum ɗaya yana iya zama da suna uku. A gida Nomau ne ko Tanko ko Ɓarau. A bariki an rubuta shi da wani sunan da ya fi sauƙi a bakin saje. Bayan ya dawo, ya yi baftisma, ya zama Bulus ko Istifanus, kuma da wannan ne jikokinsa suka san shi. Jika ya je ofis yana neman Bulus, ma'aikaci ya duba ya ce babu, kuma gaskiya ya faɗa, domin soja ba su taɓa ɗaukar wani Bulus daga gidanku ba.

Abin da ba ya canjawa shi ne lambar soja. Ita ce mabuɗin kowace ƙofa. Ta sojan Nijeriya na yaƙin duniya na biyu takan fara da haruffa NA, sa'an nan alƙaluma su biyo. Ku bincika adakar tsohuwa, da akwatin ƙarfe, da tsakanin shafukan tsohon Littafi Mai Tsarki, inda iyayenmu suka saba ɓoye takarda mai muhimmanci. Ku nemi littafin sallama, ko katin karɓar albashi, ko katin ƙungiyar 'yan mazan jiya, ko wasiƙar da ya aiko gida. In akwai lambar yabo ta ƙarfe, wadda tsofaffi ke kira minda, ku juya ta. Na yaƙin farko an zana suna da lamba da runduna a gefensu ko a bayansu. Na yaƙi na biyu kuwa, kamar Tauraron Bama da Tauraron Afirka, yawanci ba suna aka raba su, amma aƙalla suna gaya mana fagen da mutum ya je. Kada a goge su da toka ko yashi don su yi ƙyalli, rubutun ne ke tafiya.

A nan ne ikkilisiya take da aiki, dattawa. Littafin baftisma da na aure da na jana'iza su ne kaɗai wurin da wani lokaci za a tarar da tsohon sunan mutum kusa da sabon. Inda fasto na da can ya rubuta duka biyun, ya yi wa jikoki babban alheri. Muna roƙon kowane magatakardan ikkilisiya ya fito da waɗannan littattafai daga inda gara da ɗigon ruwa suke cin su, a ɗauki hoton kowane shafi da waya. Inda ba a rubuta tsohon suna ba, a zauna da tsofaffin mata. Su ne suke riƙe da sunan yanka da laƙabi, su ne kuma za su tuna ko kafin shekarar fari ya tafi ko bayanta, da sunan mai unguwar da ya kai shi gaban hakimi. Kada ku tsaya ga Kirista kaɗai. Dangin da suka musulunta, ko suka zauna a kan al'adar gargajiya, kakanmu ɗaya da su, kuma sau da yawa akwatin a ɗakinsu yake.

In lamba ta samu, sai ofisoshi. Fayil ɗin sojan Nijeriya ba a Ingila ake nemansa ba, a gida ake nema. Ofishin ajiye bayanan sojojin ƙasa yana Lakwaja, a barikin Cari Maigumeri, wanda aka sa wa sunan wani shahararren samanja da ya yi yaƙin duniya duka biyu. Hukumar fanshon soja tana Abuja, a Dutsen Alhaji. Amma kafin ku kashe kuɗin mota, ku fara da reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nijeriya da ke Kano, domin su suka san hanyar rubuta takardar neman bayani. Ku rubuta lamba da dukan sunayen uku, da dangantakarku da shi. Hoton takarda za ku miƙa, ta asali ta zauna a gida.

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin Lardin Kano. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya riƙe ƙasar Bici yana Ciroma kafin ya hau gadon Kano a 1926, ta hannun hakimai da dagatai ake neman samari su shiga soja, don haka a fayilolin lardi ne ya kamata a duba batun ɗaukar soja da na waɗanda aka sallamo. Aiki ne na haƙuri, ya fi dacewa da ɗalibanmu da ke karatu a Kaduna ko Zariya.

Ga iyalan da nasu bai dawo ba, akwai hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC. Jerin sunayenta yana intanet, kyauta ne, ana nema da suna ko da lamba. Waɗanda suka mutu a Bama ba a san kabarinsu ba, sunayensu suna jikin bangon tunawa na Rangun, mai ɗauke da suna kusan 27,000. In ba ku ga naku ba, kada ku ce labarin gida ƙarya ne. A 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba, gwamnatin Ingila kuma ta nemi gafara. Gidan adana takardu na Ingila da ke Kiyu, a Landan, yana da littattafan da bataliyoyi suke rubuta abin da ya faru kullum. Da wuya su ambaci farabiti da suna, amma in kun san bataliya za ku bi sawunta kogi bayan kogi.

Saura batun kuɗi, wanda muka san shi ne a zuciyar wasu. Yawancin waɗanda suka shiga don yaƙin Hitila kawai, kuɗin sallama aka ba su sau ɗaya, fansho kuwa na masu dogon aiki ne da waɗanda suka naƙasa. Kuɗin sallamar ma ba daidai aka raba ba. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna ana lissafa wa farabiti Bature sule 10 a kan kowane watan aiki, ɗan Afirka mai muƙami ɗaya da shi sule 3 da sisi. Saboda haka jikan da yake tsammanin wata dukiya tana jiransa a Landan, gara ya sauke wannan tunani. Duk wanda ya zo ƙauye yana karɓar kuɗin fom da sunan zai fito da kuɗin Bama, ku kai maganarsa gaban dattawa kafin a ba shi ko kwabo.

Na sojojin bayan 'yancin kai dabam ne, kuma nan ne gaggawa take. Muna da gwauraye a cikin zumuntar mata waɗanda mazansu suka yi yaƙin basasa ko Laberiya. Abin da ofis zai fara dubawa shi ne sunan magajin da soja ya rubuta da hannunsa. In ya rubuta wansa tun yana saurayi, bai canja ba bayan aure, matar za ta sha wuya, sai ta haɗa da takardar aure ta coci, da takardar shaidar mutuwa, da rantsuwar kotu in sunaye sun saɓa. 'Ya'yanmu da suke cikin kaki yanzu, ku gaya musu su duba abin da suka rubuta.

Bayan an tashi, magatakarda zai zauna a bakin ƙofa da littafi. Kowane gida mai tsohon soja ya ba da sunan gida, da sunan bariki in an sani, da sunan baftisma, da yaƙin da ya je, da sunan tsohuwa ko tsohon da za a fara ziyarta a wannan wata.