Ƙuruciya da Abota da Sutura a Cikin Fim ɗin Stand by Me

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda wani fim na ƙasar Amurka mai suna Stand by Me ya nuna rayuwar yara maza a tsakiyar ƙarni na 20, da irin abotar da ke tsakaninsu, da kuma aikin da tufafi suka yi wajen isar da saƙon labarin. Rob Reiner ne ya ba da umarnin fim ɗin, aka fara nuna shi cikin 1986. Asalinsa wani gajeren labari ne na Stephen King mai suna The Body, wanda aka buga cikin 1982. A littafin, al'amarin ya faru a jihar Maine cikin 1960, amma masu fim suka mai da shi jihar Oregon, a ƙarshen watannin zafi na 1959, gab da komawa makaranta.

Zubin labarin ba shi da sarƙaƙiya. Yara huɗu 'yan kimanin shekara 12, watau Gordie da Chris da Teddy da Vern, suna zaune a wani ƙaramin gari na ƙage mai suna Castle Rock. Sai suka sami labarin inda gawar wani yaro tsaransu take, Ray Brower, wanda ya ɓata kwanaki, ashe jirgin ƙasa ne ya buge shi a daji. Suka haɗa 'yan kuɗinsu, suka ɗauki barguna, suka bi layin dogo da ƙafa, da nufin su gano gawar a buga sunansu a jarida. Tafiyar kwana biyu ce. Mai ba da labarin shi ne Gordie bayan ya manyanta ya zama marubuci, kuma abin da ya tuno masa da tafiyar shi ne labarin mutuwar Chris da ya gani a jarida.

Abu na farko da mai kallo zai lura da shi shi ne rashin manya. Yara 'yan shekara 12 sun kwana a daji, ɗayansu ɗauke da ƙaramar bindigar ubansa, ƙarya guda kawai suka yi a gida ta wadatar. Wasu masu kallo sukan ɗauki wannan a matsayin 'yancin da yaran wancan zamani suka mora, su yi ta begensa. Fim ɗin kansa bai yarda da wannan fassara baki ɗaya ba. Sakaci ne ya haifi 'yancin. Iyayen Gordie sun nutse cikin juyayin rasuwar babban ɗansu Denny, gwanin ƙwallo, wanda ya mutu a haɗarin mota watanni huɗu kafin nan, har ba su ganin ƙaramin ko yana tsaye a gabansu. Uban Chris mashayi ne mai duka. Uban Teddy kuwa tsohon soja ne da ya yi yaƙi a Nomandi, hankalinsa ya taɓu, ya taɓa danna kunnen ɗansa a kan murhu har ya ƙone, ga shi an kulle shi a asibitin masu taɓin hankali. Ke nan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare shekara 14 kafin lokacin labarin, yana nan manne a gefen kan yaro.

A nan ne sutura ta shigo. Ba wanda ya sa kayan ado a cikinsu. 'Yar riga ce mai gajeren hannu marar maɓalli, da wando, da takalmin kambas, da aski har kusa da fatar kai ga wasunsu. Amma kowace tufa da abin da take faɗa. Teddy yana sanye da riga mai launin kakin soja, da 'yar sarƙar nan ta ƙarfe da sojoji ke ratayawa a wuya, ga tabarau mai kauri. Yaron ya yi shigar mutumin da ya nakasa shi. Sa'ad da mai gadin wurin tara ɓaraguzan motoci ya kira ubansa mahaukaci, sai ya haukace da zagi, sa'an nan ya fashe da kuka, domin abin da aka taɓa shi ne kaɗai abin alfaharinsa. Daga baya mai ba da labari ya bayyana cewa Teddy ya yi ta neman shiga soja ana ƙin ɗaukarsa saboda idonsa da kunnensa, watau raunin da uban ya yi masa yana cikin abin da ya hana shi gadon kakin uban.

Shigar Chris ita ce ta fi bukatar bayani: farar riga da wandon jins. A yau wannan shiga ba ta ba kowa mamaki, amma a 1959 tana da tarihi. Ita farar rigar, singileti ce ta ciki wadda sojojin ruwan Amurka ke sawa a ƙarƙashin kaki tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shi kuma jins wandon aikin ƙarfi ne na masu haƙar ma'adinai da manoma, wanda Levi Strauss da Jacob Davis suka yi wa rajista cikin 1873. Silima ce ta fito da su fili. Marlon Brando ya bayyana da irin wannan riga cikin 1951, ya sake bayyana da ita tare da jins a The Wild One cikin 1953, James Dean kuma ya biyo baya a Rebel Without a Cause cikin 1955. Daga nan sai shigar ta zama alamar yaro mai taurin kai, har wasu makarantu suka hana sa jins. Saboda haka idan mutanen Castle Rock suka dubi Chris, abin da suke gani shi ne ɗan gidan Chambers, ɗan mashayi, ƙanen ɗan daba, kuma a wurinsu barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mai kallo kuwa, wanda ya bi shi tafiyar, yana ganin cewa shi ne mai raba faɗa, mai lallashi, wanda ya fizge Teddy daga gaban jirgi.

Tufar da ta fi nauyi a fim ɗin ba a nuna ta ba sam, labarinta kawai aka ji. Da dare ya yi, sauran biyu suna barci, Chris ya gaya wa Gordie gaskiyar maganar kuɗin madara da aka ce ya sata a makaranta. Lalle ya ɗauka. Amma ya yi nadama ya mayar wa wata malama, ita kuwa ta yi shiru, aka dakatar da shi kwana uku, mako na zagayowa sai ga ta da sabuwar tufa a makaranta. Ta san ba wanda zai gaskata ɗan gidan Chambers a kanta. Wannan wuri ya kamata malamai da ma'aikata su tsaya su dube shi da kyau. Abin da ya sa yaron kuka shi ne bai taɓa zaton malami zai aikata haka ba. Horon bai dame shi kamar wannan ba. Kuma gaban Gordie kaɗai ya yi kukan, abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. River Phoenix, wanda ya fito a matsayin Chris, bai wuce shekara 15 ba sa'ad da aka ɗauki wannan fage, ya kuwa rasu cikin 1993 yana da shekara 23, abin da ya sa masu kallo na baya ke jin fagen da wani irin nauyi da masu kallon 1986 ba su ji ba.

Abotar Gordie da Chris ta bambanta da ta sauran. Su huɗun duka suna zagin juna, da habaici, da gardama a kan abubuwan banza, kamar yadda tsara ke yi ko'ina. Amma makaranta na gab da raba su: Gordie zai shiga ajin masu shirin jami'a, sauran ajin koyon sana'a. Gordie ya ce ya fi so ya zauna da abokansa, Chris ya tsawata masa, ya nuna masa cewa baiwar da yake da ita ta ƙirƙirar labari za ta lalace in ba wanda ya kula da ita, kuma tun da ubansa ya kasa, to shi zai yi. Yaro ne ya ɗauki aikin uba. Gordie kuma ya rama alherin da ya matsa wa Chris ya shiga wancan ajin tare da shi.

Shi Vern, abin da ya kawo wa tafiyar shi ne matsefi, wai don su yi kyau idan aka nuna su a talabijin, alhali kansa ba gashin kirki. Matsefin ya suɓuce ya faɗa kogi daga kan kadarkon jirgi. Ban dariya ne, amma tare da shi burin yin suna ya fara faɗuwa. Can gaba, bayan sun tsunduma cikin wani kududdufi, suka fito jikinsu duk matsattsaku, dole suka tuɓe. Da kakin soja da farar riga suka zube a ƙasa, sai ga yara ƙanana huɗu masu tsoro, Gordie ma suma ya yi. Da suka iske gawar kuwa, abin da mai ba da labari ya fara ambata shi ne takalma: jirgi ya fitar da yaron daga cikin kambas ɗinsa, ƙirar Keds, irin takalmin da yaran wancan zamani ke sawa. Da wannan ne suka gane cewa wanda ke kwance ɗayansu ne. Suka rufe shi da bargo, suka bar maganar jarida, aka sanar da hukuma ta wayar tarho ba tare da faɗin suna ba.

Sai dai ya kamata a yi hattara, kada a ɗauki fim ɗin a matsayin tarihin 1959. Tunanin mutanen 1986 ne game da ƙuruciyarsu, kuma ya zo a lokacin da silimar Amurka ke ta waiwaye, kamar yadda Back to the Future ya koma 1955 shekara guda kafin nan. Waƙar Ben E. King da aka ari sunanta ma ba ta fito ba sai 1961, shekara biyu bayan lokacin labarin. Babu yarinya ko ɗaya mai muhimmanci a ciki, iyaye mata kamar inuwa suke. Babu baƙar fata, alhali shekara biyu kacal ke nan da rikicin shigar ɗalibai baƙaƙe makarantar Little Rock cikin 1957. Har ila yau, tufafin da aka zaɓa irin waɗanda yaron 1986 zai iya sawa ne ba a dube shi ba, wannan kuwa ya sauƙaƙa wa mai kallo ganin kansa a ciki, amma ya rage baƙuncin zamanin.

Saura maganar hula. Kafin Denny ya mutu ya ba Gordie hularsa hana-salla mai tambarin ƙungiyar Yankees, don ta kawo musu sa'a wajen kamun kifi. Ita ce shaidar cewa akwai mutum ɗaya a gidan da ya taɓa karanta labaransa ya yaba. Tun kafin su bar gari Ace Merrill, shugaban 'yan dabar samari masu yawo a mota, ya fizge ta, wan Chris ya ɗora a kansa. Chris ya yi magana, Ace ya danne shi a ƙasa ya kai masa wutar sigari kusa da fuska. A ƙarshe, da Ace ya zaro wuƙa zai ƙwace gawar, Gordie ne ya ɗaga bindiga ya tsai da shi. A littafin Chris ne ya riƙe bindigar; masu fim suka sauya don labarin ya zama na Gordie. Mai kallon da ya saba da al'adar silima zai zaci a nan za a mayar da hular, amma ba a ko ambace ta ba. Vern ya yi aure da wuri, ya zama direban injin ɗaga kaya a wurin sayar da katako. Teddy ya ɗan zauna a kurkuku. Chris ya bar garin, ya zama lauya, aka daɓa masa wuƙa a wuya a wani gidan cin abinci sa'ad da ya shiga raba faɗan mutum biyu da bai sani ba.