Jirgin ƙasa mai gudu da cikas ɗin kan iyaka

Tun 1994 da aka buɗe ramin ƙarƙashin teku mai tsawon kimanin kilomita 50 tsakanin Ingila da Faransa, jirgin Eurostar ke kwasar fasinjoji daga Landan zuwa Paris, tafiyar da yanzu ba ta kai awa biyu da rabi ba. Babban abin da ke hana irin wannan zirga-zirga yaɗuwa shi ne kan iyaka, inda ƙasashe suka sha bamban a ƙarfin lantarki, alamun hanya da dokokin shige da fice. A tashar St Pancras, sai fasinja ya bi layi ya miƙa fasfo ga jami'an Faransa tun ƙafarsa na Landan. Ita kuwa ƙasar Sin ta shimfiɗa layin jirgi mai tsananin gudu sama da kilomita 40,000, kusan duk a cikin gida, domin gwamnati ɗaya ke yanke hukunci. A Turai kuwa, sai a Disamban 2024 aka fara jirgi mai gudu kai tsaye daga Paris zuwa Berlin, kuma yana cin kusan awa takwas.

Wasu za su ce jirgin sama ya fi sauri da arha. A doguwar tafiya suna da gaskiya. Amma a tafiyar awa biyu zuwa uku, jirgin ƙasa na sauke mutum a tsakiyar gari, gurɓata iskar da yake yi ma kaɗan ce. Tsadar tikiti kuwa, rashin gasa na da hannu a ciki: sama da shekara 30 Eurostar kaɗai ke ɗaukar fasinja daga Landan ta wannan rami. Ya kamata gwamnatoci su daidaita ƙa'idojinsu, su buɗe wa wasu kamfanoni hanya.