Shaƙuwar da Ta Ƙi Tsayawa: Dalilanta da Maganinta



Gabatarwa

Kalmar shaƙuwa ma'ana biyu gare ta a Hausa. Akwai shaƙuwa ta aminci, wadda kowa ke fatan ta ɗore, akwai kuma shaƙuwar da kan kama mutum bayan ya ci tuwo da gaggawa, wadda ba mai son ta wuce minti guda. A kan ta biyun wannan lacca za ta tsaya. Ita dai aba ce da aka raina, har akan yi wa mai yin ta dariya, domin kuwa ba wanda ba ta taɓa kamawa ba, hatta ɗan tayi a cikin mahaifiyarsa yakan yi ta. To amma akwai wadda kan zo ta zauna, ta hana ci, ta hana barci. Irin wannan ita ce abin dubawa a yau, kuma manufa ita ce a nuna cewa sau da yawa 'yar aike ce daga wata cuta da ke ɓoye a cikin jiki.

Yadda shaƙuwa ke faruwa

A tsakanin ƙirji da ciki akwai wata faffaɗar tsoka mai kama da ƙwarya a kife, wadda ta raba huhu da zuciya daga kayan ciki. Ita ce babbar mai aikin numfashi. In ta ja ƙasa sai iska ta shiga huhu, in ta saki sai iska ta fita. Shaƙuwa na faruwa ne sa'ad da wannan tsoka ta fizga farat ɗaya ba da nufin mutum ba. Iska na fara kwararowa sai tantanin maƙwallato ya rufe mata ƙofa, cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa ba. Wannan rufewar ita ce ƙarar da ake ji. Ɗaliban ilmin furuci sun san wurin, domin a nan ne ake furta hamzar da ke cikin kalmomi irin su sa'a da jama'a. Fizgar kan maimaitu daga sau 4 har zuwa sau 60 a minti guda.

Tsokar ba ta motsi sai da umurni, umurnin kuwa ta jijiyoyi yake bi. Biyu daga cikinsu su ne ginshiƙai. Ta farko ita ce firenik, wadda ta fito daga laka a daidai wuya, ta ratsa ƙirji ta sauka a kan tsokar. Ta biyu ita ce bagas, watau mai yawo a harshen Latin, domin ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa, ta miƙa reshe zuwa kunne da maƙogwaro da zuciya da huhu da tumbi da hanji. Duk abin da ya tsokani ɗaya daga cikinsu, a ko'ina a kan wannan doguwar hanya, yana iya tayar da shaƙuwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa abubuwan da ke kawo ta suke da yawa.

Rabe-rabenta

Likitoci sun kasa ta kashi uku bisa tsawon lokaci. Wadda ba ta kai sa'a 48 ba ita ce ta yau da kullum, wadda cika ciki, ko yaji, ko lemon kwalba mai gas, ko haɗiyar iska kan jawo. Wadda ta wuce sa'a 48 ita ce mai naci. In ta zarce wata guda, ta zama gagararriya. Kashi biyun ƙarshe sun fi kama maza, musamman waɗanda suka manyanta.

Mafi tsawo da aka sani ita ce ta Charles Osborne, wani manomi a jihar Iowa ta Amurka. Ta kama shi a 1922, ba ta sake shi ba sai a 1990, watau shekara 68, ya kuma rasu a 1991. Ba ta kuma san sarauta ba. Fafaroma Pius na 12 ya sha fama da ita a 1954, haka kuma a watan Yuli na 2021 an kwantar da shugaban Birazil na lokacin, Jair Bolsonaro, a asibiti bayan ya yi kusan kwana goma yana shaƙuwa, inda aka gano toshewar hanji.

Cututtukan da ke bayanta

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. A ciki, abin da aka fi samu shi ne ƙwarnafi, watau ruwan tsamin tumbi ya riƙa tasowa yana ƙona hanyar abinci. Bayansa akwai gyambon ciki, da kumburin hanta, da toshewar hanji, da ciwon daji a hanyar abinci ko a tumbi. A ƙirji kuwa akwai ciwon huhu, da tarin fuka, da ƙari a tsakanin huhu biyu. Wani lokaci ma bugun zuciya kan zo da shaƙuwa, musamman ga tsoho ko mai ciwon sukari, wanda ba lalle ne ya ji zafin ƙirji ba.

Sai kuma ƙwaƙwalwa. Shanyewar ɓarin jiki da ta taɓa gindin ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da ƙari, da rauni a kai, duk suna iya dagula cibiyar da ke ba da umurnin. Shaƙuwar da ta zo tare da jiri, ko tangaɗi, ko wuyar haɗiya, ko karkacewar baki, ba a jiran gari ya waye da ita.

Har ila yau akwai gurɓacewar jini. In ƙoda ta gaza tace datti, sai ya taru a jini, shaƙuwa kuma tana cikin alamominsa, tare da tashin zuciya, da ƙaiƙayin jiki, da kumburin ƙafa. Wannan abin lura ne ƙwarai a ƙasar nan, inda hawan jini da ciwon sukari ke cin ƙoda a ɓoye, kuma an daɗe ana kuka da yawan ciwon ƙoda a yankin Gashuwa ta jihar Yobe. Ƙarancin gishiri a jini da yawan shan giya su ma suna kawo ta. A annobar Ebola ta 2014 a Afirka ta Yamma, shaƙuwa na cikin alamomin da aka riƙa gani ga waɗanda cutar ta yi wa tsanani.

Magani ma kansa yakan jawo ta. Shahararre a nan shi ne deksametazon, wanda wasu ke saya a kemis ba da izinin likita ba don neman ƙiba. Haka nan Valium da danginsa, da wasu magungunan ciwon daji. Wani lokaci kuma dalilin ƙanƙane ne, alal misali gashi ko ƙwaro ya taɓa dodon kunne, ana cire shi sai ta tsaya.

Magani

Dabarun gida sanannu ne: riƙe numfashi, kwankwaɗar ruwan sanyi, tsorata mutum, ko a ɗora masa laifin da bai yi ba don hankalinsa ya tashi. Wasunsu suna da tushe. Riƙe numfashi yana tara gurɓatacciyar iska a jini, wannan kuwa yakan kwantar da fizgar, ruwan sanyi kuma yana taɓa reshen jijiyar bagas a maƙogwaro. A 1971 likita Edgar Engleman da abokan aikinsa a Amurka sun ba da rahoton cewa haɗiyar cokali guda na busasshen sukari ta tsayar da shaƙuwa ga mutum 19 cikin 20. Zaren da iyaye mata kan liƙa a goshin jariri kuwa ba ya cutarwa, amma shaƙuwar jariri da kanta take tafiya.

In ta wuce kwana biyu, aikin ya koma hannun likita. Zai tambayi tarihin ciwon da irin magungunan da ake sha, ya leƙa kunne da maƙogwaro, ya sa a auna jini don ganin aikin ƙoda da hanta da sukari, a ɗauki hoton ƙirji, a gwada zuciya. In da hali, akan zura na'ura a leƙa tumbi, ko a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Da zarar an gano tushen, shi ake fuskanta: mai ƙwarnafi a ba shi omefirazol ko makamancinsa, mai ciwon ƙoda a yi masa wanki in ta kai ga haka, wanda magani ya jawo wa a sauya masa wani.

Inda ba a gano dalili ba, ko kafin a gano, akwai magungunan da ke kwantar da ita kanta. Tsohon cikinsu shi ne kulofiromazin, wanda aka sani da Largactil, amma yana sa barci, yana kuma saukar da jini, don haka ana kaffa-kaffa da shi ga tsofaffi. Da yawa daga likitoci sun fi fara gwada bakulofen, ko gabafentin, ko metokulofiramid. Ba ɗaya daga cikinsu da ya halatta mutum ya saya wa kansa, domin bakulofen, alal misali, yana iya sumar da mai raunin ƙoda, ga shi kuwa mai ciwon ƙoda na cikin waɗanda shaƙuwa ta fi addaba. In duk an gwada an kasa, akan yi wa jijiyar firenik allurar kashe zafi don a katse saƙon na ɗan lokaci.

Kammalawa

Shaƙuwa mai naci tana ramar da mutum, tana hana shi barci, tana iya warware ɗinkin wanda aka yi wa tiyata. Amma haɗarinta mafi girma shi ne a shagala da neman tsayar da ita, a bar cutar da ta aiko ta tana cin jiki. Saboda haka ɗalibi a ɗakin kwanansa, da ma'aikaci a ofishinsa, da mai jinyar tsoho a gida, kowa ya riƙe wannan ƙa'ida: in ta cika kwana biyu, a tafi asibiti, a tafi kuma da duk magungunan da majinyacin ke sha. In kuwa ta zo da ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko mutuwar wani sashe na jiki, a tafi nan take.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.