Jikinka Da Iyalinka Suna Da Haƙƙi A Kanka

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya ya gabatar wa 'yan'uwa malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da masu sana'o'in hannu.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

An nemi in ɗan ce wani abu game da aiki da hutu. To, zan fara da wata tambaya, kowa ya amsa wa kansa a zuci. Yaushe rabon da ka farka da asuba ka ji jikinka garau? Da yawanmu amsar ita ce mun manta. Mutum ya fita kafin yara su tashi, a tashi daga ofis ya ɗauki Keke Napep ko ya buɗe shago har sha ɗayan dare, ya dawo ya iske sun yi barci. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 albashi ɗaya ya daina riƙe gida, saboda haka ba zargin kowa nake yi ba. Amma akwai abin da wannan hali yake ci a jikin mutum, kuma a kansa nake son mu tsaya.

Gajiya iri biyu ce. Akwai wadda barcin dare ɗaya yake wankewa, wannan lafiya ce. Akwai kuma wadda ko ka kwana biyu a kwance tana nan, ita ce abin tsoro. A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin Niyok na Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kanta. Shi da rana yana duba marasa lafiyarsa, da dare kuma yana aikin sa kai a wani asibitin kyauta da ke kula da masu shaye-shaye. Sai ya lura cewa masu aikin sa kan nan suna zuwa da zafinsu, amma bayan kamar shekara guda sai ka ga mutum ya dusashe, ya zama mai saurin fushi, ga ciwon kai, ga rashin barci. Shi kansa abin bai bar shi ba. Sunan da ya ba abin ma'anarsa ƙonewa ƙurmus, wato kamar fitilar da kananzirinta ya ƙare, ta koma cin lagwani. Kuma abin lura, ya ce waɗanda suka fi sadaukar da kai su abin ya fi kamawa. Ka ga ke nan da mu ake, mu masu koyarwa da jinya da hidimar jama'a.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan hali, ta ce matsala ce da ke tasowa daga matsin aikin da ya daɗe ba a magance shi ba. Ta kawo alamomi uku. Ta farko, ƙarewar ƙarfi. Ta biyu, zuciyar mutum ta yi nisa da aikinsa, ya riƙa ganin komai banza ne. Ta uku, aikin ya daina kyau a hannunsa. Alal misali, malamar jinyar da a da take lallashin mara lafiya, yanzu tsawa take daka masa. Sai mu ce ta canza hali, alhali kananzirin ne ya ƙare.

Kar wani ya ɗauka abin ya tsaya a ɓacin rai. A shekarar 2021 wannan hukuma da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasi cewa a 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Suka ce mai irin wannan aiki, haɗarin shanyewar jiki gare shi ya ɗara na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. To, lissafa naka. Awa goma a rana, kwana shida, ka riga ka kai 60. A Japan har kalma gare su, karoshi, ma'ana mutuwa saboda yawan aiki, kuma daga 2019 suka fara aiki da dokar ƙayyade ƙarin lokaci, awa 45 a wata a bisa ƙa'ida. Tun 1919 yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta tsayar da awa 8 a rana, 48 a mako, ga ma'aikatan masana'antu.

Mu kam an riga an karantar da mu wannan. Mun san labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su. Salman ya kai masa ziyara, ya iske matarsa ba ado ba kwalliya, ta shaida masa mijin nata ba ruwansa da duniya. Aka kawo abinci, mai gida yana azumin nafila, Salman ya ƙi ci sai tare. Da dare ya tashi zai yi salla, Salman ya mayar da shi barci har ƙarshen dare, sannan suka yi tare. Ya tunatar da shi cewa bayan haƙƙin Ubangiji akwai na jiki, akwai na iyali. Da maganar ta je ga Manzon Allah (S), sai ya gaskata Salman. To, in ibada ma an sa mata ma'auni, ina ga neman kuɗi?

Mene ne abin yi? Na farko, barci. Baligi yana bukatar aƙalla awa bakwai. In za ka tashi ƙarfe biyar, ka kwanta goma, ka haɗa da ɗan ƙailula in hali ya yi. Na biyu, ka ware rana guda a mako, ko yini ɗaya bai samu ba a samu rabi, wadda ba ta aiki ba ce, ta iyali ce da zumunci. Na uku, wayar hannu. Ita ta shigo mana da ofis har ɗaki. A Faransa tun 2017 doka ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya bayan tashi. Kai ma sa wa kanka doka: bayan isha'i a ajiye ta. Na huɗu, san haƙƙinka. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba wanda ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa. Karɓi hutunka, kar ka sayar da shi. Na biyar, a je a auna hawan jini, domin shi ba ya sallama kafin ya shigo.

Sannan ina kira ga masu ɗaukar ma'aikata da masu raba aikin jama'a a cikinmu. Muna da wata al'ada, duk wanda aka ga ba ya cewa a'a sai a jibge masa komai: shi ne sakatare, shi ne mai tara kuɗi, shi ne mai kai mara lafiya asibiti. Ran da ya faɗi sai a yi ta yabonsa. A raba nauyin tun yana tsaye. Haka mazaje, ku tuna 'yar'uwar da ta dawo daga aji ko daga aikin dare, girki da wanki da raino suna jiranta. Ita ma aiki biyu take yi, na biyun ba albashi. A kama mata.

Wanda kuma ya ji abin ya kai shi ga yanke ƙauna, ko ya daina jin daɗin komai, ya ga likita, ba abin kunya ba ne. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsohuwar zumar a nan ita ce a zauna da iyali a ci tuwo tare, a san halin da juna ke ciki. Yaron da ka fita nema dominsa, yana bukatar ya san muryarka.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Allah Ya ba mu lafiya da halal mai albarka.