Wa Ya Rubuta Labarin Kakalaba?

Malamaina, iyayena, 'yan'uwa matasan Gaffati.

Kwanan baya ƙanena ya nuna mini a waya yadda kundayen intanet ke bayanin yunwar da aka sha a ƙasar nan. Fari a gaba, fara na biye. To, ba ƙarya ba ne, damina ta yi gardama a 1913, Kakalaba ta biyo baya. Ruwa na Allah ne, mun yi imani. Amma fa lokacin Nasara na zaune a birnin Damagaram, kuma lanho bai tsaya ba. Wanda rumbunsa ya ƙare, akuyarsa zai sayar ya biya.

Wannan gefen bai cika fitowa ba. Irin su Wikipedia sai abin da aka buga suke karɓa, takardun wancan zamani kuwa yawanci kwamandoji suka rubuta. Yo mai karɓar lanho zai rubuta cewa lanho ya kashe mutane?

A 2005 ma yayyenku sun gani: ga gero a kasuwar Dole, kuɗin tiya ne babu.

Don Allah kafin Sallah kowa ya zauna da kakarsa, ya ɗauki muryarta kan 1973 da 1984. Ƙungiya za ta tattara, mu nemi bugawa.