Mantuwa, Amana da Saƙon Baka

 

Akwai wata rigima da ba ta ƙarewa a zaurukan dattawanmu, daga Nima zuwa Aboabo har Tamale. Mutum biyu ne, kowanne an shaide shi da gaskiya. Ɗaya ya ce sidi dubu biyar ya bayar, ɗayan ya ce dubu uku ya karɓa, kuma kowanne a shirye yake ya dafa Alƙur'ani. Mu da ke zaune sai mu yanke a zuci cewa lalle ɗayansu maƙaryaci ne. Sau da yawa kuwa babu maƙaryaci a cikinsu. Yadda Allah ya halicci ƙwaƙwalwar ɗan Adam ne ya jawo haka, kuma a kan wannan muke son mu yi magana yau.

Kafin abu ya zauna a ƙwaƙwalwa sai ya shiga tukuna, ƙofar kuwa ƙunci gare ta. A shekarar 1956 wani masani a Amurka, George Miller, ya nuna cewa abin da mutum ke iya riƙewa a lokaci guda bai wuce abu bakwai ba, ko sama da haka kaɗan ko ƙasa. Shi ya sa lambar waya mai lambobi 10 muke yanka ta gida uku kafin mu faɗa wa wani. To ku duba yadda muke ba da saƙo: a tashar mota, injin yana kuka, ɗan aike yana neman canji, mu kuma muna jero masa cewa kaza na Inna ne, kaza na makarantar yara, kaza a kai wa mai gini. Rabin maganar ba ta ma shiga ba. Idan ya isa ya ce ya manta, mu ce ya ci amana.

Abin da ya shiga ɗin ma ba ya zama yadda yake. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya yi shekaru yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna kansa, ya buga sakamakon a 1885. Ya gano mantuwa ta fi gudu a farko-farko: cikin awa ɗaya fiye da rabi ya zube, daga nan sai zubewar ta riƙa raguwa. Ya kuma gano cewa maimaitawa da tazara, yau kaɗan gobe kaɗan, ta fi a zauna a dinga nanatawa a zama ɗaya. Alarammomin da ke nan za su yi murmushi, domin abin da ake yi ke nan a makarantar allo tun kafin a haifi kakan Bajamushen. Ba a wanke allo sai yaro ya biya, a yi karatu da dare a sake da asuba, a yi tishi, gardi kuma ba ya barin tilawa ko da ya sauke sau nawa. Likitoci sun tabbatar da cewa barci yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta kafe abin da aka koya a yini. Akwai wani ɗan sashe a cikinta da suke kira hifokamfus, wanda shi ke wannan aiki. A 1953 an cire wa wani mutum a Amurka, Henry Molaison, mafi yawan wannan sashe don maganin farfaɗiya. Ya rayu har 2008 yana tuna ƙuruciyarsa, amma wanda ya gaisa da shi ɗazu, in ya fita ya dawo, baƙo ne a wurinsa.

Amma abin tambaya: waye a cikinmu yake yi wa bashi tishi? Hadda tana tsayawa ne don akwai Mushafi da ake komawa gare shi, akwai kuma malami da zai gyara wasali. Cinikin da aka yi a ƙofar gida shekara shida da suka wuce ba shi da ko ɗaya.

Nan ne wurin da ya fi muhimmanci. Muna zaton tunowa kamar buɗe akwati ne a ɗauko tufa yadda aka ninke ta. Alhali duk lokacin da muka tuno abu, ƙwaƙwalwa sake ɗinka shi take yi daga 'yan ƙyallayen da suka rage, inda ta samu giɓi ta cike da abin da ya fi kama da gaskiya a wurinmu. A 1974 Elizabeth Loftus da abokin aikinta sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. An tambayi wasu irin gudun motocin lokacin da suka ragargaji juna, wasu kuma lokacin da suka bugi juna. Bayan mako ɗaya aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin mutum 50 na farko 16 suka ce sun gani, cikin 50 na biyu 7 kawai. Babu gilashin da ya fashe a fim ɗin. Kalma ɗaya a bakin mai tambaya ta shuka musu abin da idonsu bai gani ba, kuma da an ce su rantse da sun rantse da zuciya ɗaya.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu masu sulhu, idan shaida ya zo, a bar shi ya faɗi abin da ya sani da bakinsa kafin a ce masa, "Ashe ba dubu biyar ba ne?" A kuma ji shaidu ɗaya bayan ɗaya, kada na biyu ya ɗauki na farko ya yafa. Ƙarfin rantsuwar mutum yana nuna yadda ya gamsu da abin da ke kansa, ba ya nuna abin da ya faru.

Wasu na ganin neman a rubuta rashin yarda ne, musamman tsakanin wa da ƙane ko suruki da suruki. Mu ba mu ga haka ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, har ta ambaci cewa shaida na iya mantawa wani ya tuna masa. Kakanninmu fataken goro ma sun san haka. Malam Umaru na Kete Krachi, wanda ya zauna a Salaga ya rasu a 1934, har littafi ya rubuta a kan yadda ake tsara wasiƙa, domin saƙon da zai yi watanni a hanya tsakanin Kano da Gwanja ba a barin sa a baki kaɗai.

Yau abin ya zo da sauƙi. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ajami ba ya naɗi murya a WhatsApp, ya faɗi ranar, adadin kuɗin da sunan shaidu, ya tura wa ɗayan ya amsa. Uwar adashi ta riƙe littafi, kowace mai zubi ta ga an rubuta nata. In an aiki yaro, a ce ya maimaita saƙon kafin ya fita ƙofa. Gidajen da aka gina a kan filin da wani sarki ya ba kaka da baki, a zauna da tsofaffin da suka shaida tun suna da ƙarfi, a rubuta iyakoki da wanda ya gina wane ɗaki, a karanta musu su ce haka ne, su sa hannu ko su dangwala yatsa, a ajiye kwafi biyu a gidaje daban-daban.