Sanyin Hunturu da Injin Mota Mai Turbo



Direbobin manyan motoci masu yada zango a Shuwarin, kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, sukan ce mota ta fi ja da asubar hunturu. Gaskiya suka faɗa, ga kuwa dalili.

Turbo, wanda Alfred Büchi, mutumin Suwizalan, ya ƙago a 1905, farfela biyu ce bisa ƙarfe guda. Hayaƙi ke juya ta farko, ta biyun kuwa ta riƙa cusa iska cikin injin. Ita iska, in ta sha sanyi, takurewa take yi. Idan zafin Dutse ya sauko daga digiri 40 na bazara zuwa 12 na asubar Janairu, nauyin mudu guda na iska yakan ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100. Da yawan iska ake ƙona mai da yawa, daga nan ƙarfin yake.

To, amma fa kowane allazi da nasa amanu. Injin da bakanike ya riga ya ƙara wa matsin turbo yana iya wuce iyakarsa, fistin ya lalace. Baƙin mai yakan yi kauri, ya yi jinkirin isa ga turbo. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Bodele ta ƙasar Chadi kuma tana toshe matatar iska.

Saboda haka, direba ya bari injin ya ɗumama kafin ya taka totur, a kuma riƙa duba matatar nan a kai a kai. Motar gwamnati dukiyar jama'a ce, amana ce a hannunmu. Rigakafi ya fi magani.